Shirun da Na Yi a Bakin Fadamar Gulma

Shekarun baya, can lokacin da aka yanke mu daga Sakkwato muka zama jihar kanmu, ina aikin malamin daji a yankin Argungu. Matasan da ke bibiyata a nan wataƙila ba su san aikin ba. Mu ne masu koren kaki da ake gani a bakin gandun daji, muna hana saran ɗanyen itace, muna bin masu cinna wa daji wuta, muna raba dashe idan damina ta zauna. Ba aiki ne mai maiƙo ba, amma a ƙauye idan ka sa kakin nan, ko mai gari sai ya gyara zama.

Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki ni da abokina. Shi ɗan Birnin Kebbi ne, gidansu gidan malamai ne a Badariya. Ni kuwa ɗan Gulma ne, tsakanin gonar shinkafa da bakin gulbi na tashi. Shi ya gama sakandare, ni a aji uku na tsaya da mahaifina ya rasu. Ranar farko da muka shiga daji ya nuna gawo ya ce bagaruwa ce, na yi dariya har da riƙe ciki. Ni na koya masa yadda ake duba kututture a gane kwana nawa da sara, da yadda ake magana da makiyayi da ya hau itace yana sassabe wa dabbobinsa ganye ba tare da an kai ga sanda ba. Ɗaki ɗaya muka kama a Argungu, kwano ɗaya muke ci. Ranar hutu mu tafi Gulma, mahaifiyata ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kifi, ta fi cika masa kwano saboda a cewarta ɗan birni bai san ci ba. Haka muka yi shekara shida.

Da aka yi sabuwar jiha, kujeru suka yi yawa, masu zama a kansu suka yi kaɗan. Aka ce za a tura wasu daga cikinmu kwas, amma sai mai takardar sakandare. Sunansa ya fito, nawa bai fito ba. Ni na ɗaukar masa akwati har tasha, na yi masa addu'a, kuma a lokacin na ɗauka har zuciyata nake yi. Bayan shekara ɗaya ya dawo a matsayin shugaban yankinmu gaba ɗaya, aka haɗa masa da sabon babur.

Ban san ina da hassada ba sai ranar da na fara jin ƙarar babur ɗin nan a ƙofar ofis. Ni ina nan da tsohon kekena mai kukan sarƙa. Mutanen da jiya suke ce mana malam mu biyu, yau shi ranka shi daɗe, ni ina nan a malam. Abin da ya fi ƙona ni shi ne bai canza ba. Na zuba ido ina jiran ya yi girman kai don in samu abin riƙewa, ya ƙi. Zai tsaya a hanya ya ce, “Jingine keken ga, hau mu tahi.” Sai in ce masa ƙafafuna na son motsi. Ya wuce, ni kuma in bi bayansa ina taka keke cikin rairayi, gumi har cikin ido, ina jin wai na yi nasara. Ko mahaifiyata ba ta taimaka ba. Duk zuwana sai ta ce, “Yaron ga Allah ya yi mai albarka, girma ya zo mai amma shina nan yadda munka san shi.” In ce haka ne, in ture kwanon tuwon gefe.

A ranin shekarar aka aiko daga Birnin Kebbi cewa kowane yanki ya buɗe wurin renon itatuwa, a shuka iri a leda, a raba wa manoma da makarantu da damina. Wannan shi ne babban aikinsa na farko. Ya yi ta yawo yana neman wuri mai ruwa kusa, har ya samu wani fili a bakin fadama, ƙasa da Gulma kaɗan. Shimfiɗaɗɗe ne, ƙasarsa baƙa, idan ka haƙa kamu biyu ka tarar da ruwa. Mai gari ya ba da shi da murna, don zai kawo wa mutanensa aiki.

Na san filin nan kamar tafin hannuna. Tsohuwar gonar mahaifina ce. Akwai wata ƙaramar ƙorama a bayansa da ba a ganin ta da rani, ciyawa ta rufe ta. A shekarar da gulbi ya cika sosai, ta nan ruwa ke zagayowa ya shanye wurin. Sau biyu ya cinye wa mahaifina gero ina yaro, shi ya sa ya bar ta. Sai dai an yi shekaru uku ruwa bai kai can ba, babu wata alama da baƙo zai gani.

Muna tsaye a tsakiyar filin mu biyu ya juyo ya ce, “Kai na ɗan gida. Mi ka gani ga wurin ga?”

Na ce, “Ranka shi daɗe, ku da kunka yi karatu, mi za mu hwaɗa muku?”

Ya ɓata fuska kaɗan. “Bari wanga zance. Da gaske nike tambayarka.”

Na dubi wajen ƙoramar, na dawo da idona. Na ce, “Wuri ya yi kyau. Ga ruwa kusa.”

Da wannan na riƙa lallashin kaina watanni. Ai ban yi ƙarya ba, wuri yana da kyau, ruwa kuma yana kusa. A zuciyata abin da nake hange ɗan ruwa ne da zai jiƙa masa takalmi, ya ruɗe, ya zo ya ce in fitar da shi, kowa ya ga wanda ya san ƙasa. Iyakar muguntar da na shirya ke nan. Na manta gulbi ba ya tambayar mutum iyakar abin da yake so.

Aka fara aiki. Aka ɗauki mata daga Gulma suna cika leda da ƙasa da taki, suna ban ruwa safe da yamma. Cikinsu akwai maƙwabciyar mahaifiyata, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara, aikin nan shi ne tukunyarta. Iri ya tsiro ya yi kyau abin mamaki. Dogon yaro, turare, bagaruwa, mangwaro, layi-layi kore shar. Manya suka zo daga Birnin Kebbi suka gani suka yi ta yaba masa. A gabansu ya nuna ni ya ce rabin aikin nawa ne. Babu wanda ya ko waiwayo. Na ji haushinsu, na kuma fi jin haushinsa, don ko yabon ma sai ta hannunsa zai iso gare ni.

Damina ta sauka, dashe ya isa rabawa. Sai aka ce a dakata, za a yi bikin ƙaddamarwa, manya za su zo su dasa na farko. Aka sa rana aka ɗaga, aka sake sawa aka sake ɗagawa. Ni kuwa kullum ina wucewa ta bakin gulbi, ina ganin inda ruwa ya kai jiya da inda ya kai yau. Masunta suna ta faɗi cewa bana ruwa mai yawa ne ke tafe. Wata yamma na kasa jurewa, na nufi gidansa da niyyar in ce a kwashe ledojin nan zuwa tudu. Na tarar da shi a zaure yana maimaita jawabin da zai karanta a gaban manya, sabon kaki a rataye an yi masa guga. Ya ce, “Zauna ka ji ko ya yi.” Na zauna na ji. Na ce ya yi. Na tashi na tafi.

Kwana huɗu bayan nan, da hantsi, aka aiko cewa ruwa ya shiga wurin reno. Kafin mu isa ya kai gwiwa. Ta ƙoramar nan ya zagayo, daidai inda na sani. Muka shiga da leburori da matan, ana cika kwanduna da ledoji ana miƙawa tudu. Shi ya fi kowa shiga ciki, ruwa har ƙirji, yana ɗaga kwando sama da kansa. Ni ma na yi aiki ranar kamar zan mutu, sai ka ce ƙoƙarin yini ɗaya zai biya shirun wata shida. Kafin la'asar wurin ya zama tafki. Abin da muka tsamo bai taka kara ya karya ba. Sauran suna yawo a kan ruwa, baƙaƙen ledoji da 'yan ganye a bakinsu. Maƙwabciyar mahaifiyata ta zauna a tudu ta rufe fuska da mayafi.

Aka nemi ba'asi daga sama. Ya rubuta cewa shi ya zaɓi wuri, shi ya sa hannu. Ba a kore shi ba, amma aka ɗauke shi aka kai wani gandu can kusa da iyaka, inda ko motar kasuwa sai sati-sati. Aka rufe wurin reno, aka sallami matan. Ni kuma aka ce in riƙe yankin kafin a samu wani. Ranar da zai tafi ya miƙa mini makullin babur ya ce, “Birkin baya ba ya ci sosai, ka kula.” Bai ƙara komai ba.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Kwana biyu ina zagaya Argungu ba tare da wani dalili ba, ina danna ham ko babu kowa a hanya. A na uku na tafi Gulma in nuna wa mahaifiyata. Na tura babur har tsakar gida. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

Ta ce, “Wurin ga da ruwa ya ci, ba gonar ubanka ta ba?”

Na ce, “Ita ta, Inna.”

“Ya tambaye ka kahin shi hwara?”

Na sunkuyar da kai ina juya makullin babur a hannuna.

Ta ci gaba da tankaɗenta. Can ta ce, “Hitar da abin ga waje. Ba cikin gidana ba.” Daga baya na gane tun da aka sallami matan, daga rumbunta take auna wa maƙwabciyarta hatsi.

Sai da na yi wata uku kafin na samu ƙarfin zuwa wurinsa. Na tarar da shi a bakin wata rijiya mai zurfi, shi da lebura ɗaya, suna jan guga suna ban ruwa ga 'yan ledoji da ya jera ƙarƙashin rumfar zana. Ya rame, ya yi baƙi. Muka gaisa, muka zauna. Na shirya dogon bayani a hanya, amma abin da ya fito kawai shi ne, “Na san ruwa na cin wurin nan. Ka tambaye ni, na ƙi hwaɗa maka.”

Ya ce, “Na sani. Tun ranar da ruwa ya zo wani tsoho ya ce min, ai abokinka ya san wurin ga, mun aza ya hwaɗa maka kun yi dabara.”

Na ce, “To don mi ba ka sa ga takarda ba?”

“In sa mi? Ni na zaɓa. Kuma in don gaskiya, ko ka hwaɗa min lokacin, ban sani ba ko da na ji, ina ganin karatu ya ishe ni.” Ya miƙa hannu ya gyara wata leda da ta karkace. “Amma da na so ka hwaɗa.”

Na ce ya yafe mini. Ya ce, “Nawa na yahe. Na matan nan ba nawa ba ne.” Ya sa aka dama mini fura, na sha, ya raka ni bakin hanya. Bai ce in kwana ba, ni ma ban nema ba. Daga ranar muka koma mutanen gaisuwa. Idan an yi rasuwa ko suna muna zuwa wa juna, amma kwano ɗaya bai sake haɗa mu ba.

Shi dai abin da Allah ya rubuta masa bai fasa ba. Bayan 'yan shekaru aka dawo da shi Birnin Kebbi, ya yi ta hawa har ya kai inda ko a mafarki ban kai ba. Zan so in ce muku na warke sarai, amma ƙarya zan yi. Har na yi ritaya, duk lokacin da na ji an ƙara masa girma sai na ji abin nan ya ɗan motsa a ƙirjina. Bambancin kawai, na daina kiransa da wani suna. Da can ina ce masa an danne mini haƙƙi, ko an raina masu sanin ƙasa. Yanzu idan ya motsa na san hassada ce, sai in nemi tsari in tashi in kama wani aiki. Abin da na koya shi ne mai hassada ba lallai ya ɗaga hannu ba. Yana iya zama da ladabi, ya ce wuri ya yi kyau, ya bar ruwa ya yi masa aikin.

A ranin da ya biyo baya na buɗe sabon wurin reno a kan tudu, na aika aka kira matan nan gaba ɗaya suka dawo bakin aiki. Maƙwabciyar mahaifiyata ta zo har ofis ta durƙusa tana godiya. Tun daga lokacin duk inda ta gan ni sai ta tsaya ta sa mini albarka, tana gaya wa mutane ni ne na share mata hawaye bayan ɗan birni ya jefa su cikin ruwa. Sau da yawa na buɗe baki zan gyara mata zancen. Ta rasu shekaru da dama da suka wuce, ina cikin waɗanda suka ɗauki makararta, ban gaya mata ba.