Kwalba Biyu da Waken Kawu

Shekarar da sojoji suka koma bariki ina malamin gona, an yi mini ƙarin girma, ina jin kaina kamar ni na ƙago noma. A daminar aka turo wata malama mai ilmin haɗa sinadarai ofishinmu, ta zo da tarkunan roba. Akwai ɗan ƙwaro mai fiffike da ke yin ƙwai a furen wake, tsutsarsa ta cinye amfanin. Malamar ta haɗa irin ƙanshin da macen ke kiran namiji da shi. A ɗiga a tarko, a rataye a gona. Ranar da maza suka cika tarkon, ranar za a yi feshi.

Kwalba biyu ta ba ni. Ta ce sinadari ɗaya ne, amma ƙirarsu kamar hannun dama da na hagu take: ɗaya ke kira, ɗayan na gwaji ne, in suka haɗu ƙwaron ba zai zo ba. Na ce to. Wallahi rabin hankalina na bakin taga, inda abokan aiki ke gardamar wanda za a ba kwamishina. Kuma a raina na ce, yau mace ce za ta koya mini wake?

Da na koma gida Ƙofar Ƙaura na shinshina su, ban ji bambanci ba. Kwalaben ƙanana, gonakin da yawa. Sai na juye su wuri guda don su yi auki, kamar mai awon man gyaɗa.

Kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, yana da gonar wake a bayan Ƙofar Guga, da ita yake ciyar da gidansa. Na rataya tarkuna a gonar, na hana shi feshi.

"Ɗan nan, na fa ga abu yana tashi da almuru," in ji shi.

"Kawu, ka bar wa ilmi. Tarko ba ya ƙarya."

Sati uku tarko wayam. Ranar da ya ɓare kwanso a gabana, tsutsa ce ta leƙo. Ya ɓare na biyu, ya ɓare na biyar, duk tsutsa. A nan maganar malamar ta dawo mini daram. Ban faɗa masa ba.

Bayan sallar Juma'a dattawan unguwa suka tare shi, ina tsaye a gefe.

"Malam, manomi kamarka, ga malamin gona a gida, yaya aka yi haka?"

Kawu bai ko kalle ni ba. Ya ce, "Yaron ya yi nasa. Ni ne tsufa ya sa na yi sakaci."

Suka yi masa dariya, har da mai cewa ya bar wa yara fartanya. Ni kuwa, ƙato da ni, na sunkuya ina gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Kunyar nan har yau ba ta sake ni ba. Kawu ya rasu ana tsokanarsa da waken, ban taɓa buɗe baki na wanke shi ba.