Shaidar Baƙo Mai Maganin Ɓera

Baƙo haifaffen Kontagora ne, kuma tun yana ƙarami aka san bakinsa ya fi hannunsa aiki. An kai shi koyon ɗinki, ya ɗinke wa wani bawan Allah aljihu da ƙafar wando, sannan ya tsaya ya yi masa bayani har mutumin ya tafi yana godiya. Ya gwada faci, ya gwada tura baro. Da Allah ya tashi rufa masa asiri, sai ya haɗa shi da ɓera.

Ita wannan sana'a wahalarta ɗaya ce. Mai maganin basir yakan kurɓi nasa a gaban jama'a, a ga bai faɗi ba. Mai maganin ɓera kuwa in ya ɗanɗana, ya yi tallan ƙarshe. Shi ya sa suke rataye busassun ɓeraye a jikin sanda, gawa ta ba da shaida.

Baƙo dai ya iya. In ya sauka daga babur a kasuwar Ibeto, ba ya farawa da magani. Sai ya gai da tsofaffi da ɗan Kambarcinsa, yaren mutanen garin, duk a karkace, a yi dariya, ya tsaya a gyara masa. Wanda ya gyara maka harshe ai ya zama malaminka, malami kuma ba ya son ɗalibinsa ya koma gida da kaya. Daga nan ya tambayi dawa, ya tambayi rumbu. Bai taɓa rantsuwa ba. Cewa yake mai gaskiya ba ya jawo sunan Allah cikin maganar ɓera. Sai can ƙarshe ya ɗaga sanda, ɓeraye tara suna lilo, ya ce, "Ga waɗanda suka yi gardama."

Haka ya ci kasuwar shekara da shekaru, har ranar da Agatha mai gyaɗa ta ƙura wa sandar ido. Ita Agatha mace ce da ko tsakuwa ɗaya ba ta wuce ta a faifai.

"Mai ɓera, dakata. Wancan na tsakiya mai kunne ɗaya, ai na san shi."

"Haba Maman Promise, ɓeraye ai duk kamarsu ɗaya."

"Kamarsu ɗaya a gidanku! Ina da cikin Promise ka fara zuwa da shi, yau ga Promise a firamare. Ko tun lokacin maganin naka bai sake kashe kowa ba?"

Kasuwa ta kwashe da dariya. Wani tsoho ya ce a raɗa wa ɓeran suna, tunda ya zama ɗan gari. Ranar ko ƙulli ɗaya Baƙo bai sayar ba. Ibeto kuwa ita ke riƙe da tukunyar gidansa, kuma ya san in ta ƙi shi, labari zai riga shi isa kasuwar Tungan Magajiya.

Ya koma gida neman sabuwar gawa. Ya barbaɗa magani a bayan buhun masara, da madafa, da kowane lungu. Kwana uku, ko jelar ɓera bai gani ba. Da wani ne, da ya zauna ya yi tagumi. Shi Baƙo tsalle ya yi.

Ranar kasuwa ya ɗaga sanda tsirara. "Kun ce in kawo sabo, na nema a gidana, babu. Gawa ana iya aronta, jama'a. Amma gidan da babu ɓera, wa zai ara maka? Ku zaɓi wanda kuka yarda da idonsa, ya zo ya duba."

Wa za su zaɓa in ba Agatha ba?

Ta zo Kontagora da safe. Ta gai da Hafsatu matar Baƙo, ta sha ruwa, ta ɗaura ɗamara. Ta ja buhu, ta leƙa tukwane, ta shinshina lungu. Babu kashin ɓera, babu rami, babu buhun da aka huda. Baƙo na biye da ita yana gyaran hula.

"To, mai ɓera," ta ce, "da alama dai..."

Sai ga wata ƙatuwar kyanwa ta fito daga ƙarƙashin gadon Hafsatu tana miƙa, 'ya'ya huɗu na bin ta.

"Ta maƙwabta ce," in ji Baƙo.

"Wane maƙwabcin?" in ji Hafsatu. "Malam, ai kai ne maƙwabcin, da ba ka wuni a gida. Shekararta biyar a nan. Garin da ka barbaɗa kuma na share, kada ka kashe mini kaji."

Agatha ta zauna a kan turmi ta yi dariya har da hawaye. Baƙo ya cire hular da yake ta gyarawa. Da ya dawo hayyacinsa sai ya ce, "Maman Promise, in kin koma, ki faɗa musu duka."

"Da ma izininka nake jira?"

Ta kuwa faɗa, a tsakiyar kasuwa, har da kwaikwayon miƙar kyanwa. Baƙo yana tsaye a gefenta, bai musa ko kalma ɗaya ba. Da dariya ta lafa, ya ce, "Kun ji ta, ita ba ta ƙarya. Ni kaina ban san ko maganina na aiki ba. Ga ƙulli uku, ta zuba a rumbunta, abin da ta gani shi ke nan."

Mako ya zagayo, Agatha ta zo da ɓeraye shida a tsohon kwano, ta juye masa a gaban ƙafa. "Yana yi," ta ce, "amma sai an kwaɓa da ƙuli-ƙuli. Shi mai shi ma bai sani ba."

Kafin azahar jakarsa ta zama wayam.

Har yau Baƙo na cin kasuwar Ibeto, sai dai in yana magana ba shi ake kallo ba. Fuskar Agatha ake kallo. In ta gyaɗa kai a saya, in ta taɓe baki a watse. Shi ya sa duk ranar kasuwa, kafin ya kwance kayansa, za ka gan shi durƙushe a rumfarta yana taya ta ɓarar gyaɗa, tana yi masa faɗa wai yana fasa mata ƙwaya.