Risho da ɗibar wuta

Shekarar da na haifi ɗan fari, maigidana ya koma makaranta. Ni na zaci wanda ya gama jami'a ya gama ke nan, ashe akwai wani karatun a samansa. Kamfanin da yake wa aiki a unguwar Tudu ne ya tura shi, wai ya koyo yadda ake tafiyar da kasuwanci idan sababbin na'urori sun shigo, da yadda ake sa mutane su karɓi abin da ba su saba da shi ba. Lokacin ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, kowa maganar injuna yake. Ni allo kaɗai na yi, shi ma ban yi nisa ba.

Wata rana ya sauko daga trotro, motar haya, rungume da risho. Malaminsu ya ce kowa ya zaɓi sabon abu guda, ya sa shi cikin jama'a, ya ga me ke hana su karɓa.

"Ki riƙa girki da shi a tsakar gida," ya ce, "inda kowa zai gani."

"Kurfotin gawayin fa?"

"Ki ba shi hutu, uwar yaro. Ya yi hidima."

Risho kam ba shi da laifi. Ashana ɗaya, koko ya yi zafi, ba hayaƙi, ba fifita. Matan gidanmu na unguwar Nima suka kewaye ni. Mai sayar da shinkafa da wake ta ce, "Ei, Madam ta zama Baturiya! Gobe sai cin tuwo da cokali." Aka yi dariya, ni ma na taya su.

To amma a gidan haya irin namu ba kowa ke hura wuta da safe ba. Iya, tsohuwar da ke ɗakin bakin ƙofa, ita ke fara hurawa bayan salla, mu kuma mu bi ta da kasko mu ɗebo garwashi. Daga Salaga aka kawo ni, ba uwa ba yaya a kusa. Ga kunyar ɗan fari: ba na kiran sunansa, ba na yi masa wasa a gaban mutane, balle in kai shi gaban babba in ce a duba min shi. Amma in na tsuguna ɗibar wuta da goyo, Iya kan ce, "Kawo mijina." Ta kwance shi, ta taɓa maɗigarsa, ta leƙa bakinsa, ta matsa cikinsa. Ba na tambaya, ba ta bayani. In ta miƙo min shi tana zolayarsa, na san lafiya.

Da risho ya zo, sai ba ni da dalilin zuwa ƙofarta.

Can yaron ya fara ɗumi, ga yawu, ga zawo kaɗan kaɗan. Na kasa zama. In share ɗaki, in sake sharewa. In nufi bakin ƙofa, in ji muryar Iya, in juya kamar na yi mantuwa. Maigida ya taɓa goshinsa ya ce in bai sauka ba za mu je asibiti, sannan ya tambaye ni abin da matan ke cewa game da risho. Tsada ce, ko tsoron kananzir? Na ce masa duka biyu, idona na kan tabarmar yaron.

Washegari da safe na ɗauki kasko. Rishona na ci a baya, da tukunya a kai.

"Mai risho da kanta?" in ji Iya. "Me ya yi zafi?"

"Ashana ce ta jiƙe, Iya."

"Ta jiƙe, sama ko ɗigo bai yi ba? Allah mai iko. Kawo mijina."

Na kawar da kai yayin da take juya shi, amma kunnuwana na wurin. Ta sa yatsa a bakinsa, ya cije ta.

"Ja'iri! Haƙori ne, ga shi ya leƙo kamar ƙwayar shinkafa. Amma in zawon ya ƙara kwana, ku kai shi asibiti. Ubansa ai ya san hanya."

Ta cika min kasko da garwashi har yana ƙona min yatsu.

A ƙofar ɗaki na tarar da maigida yana ɗaura takalmi. Ya dubi kaskon, ya dubi rishon da ke ci.

"Ashana ta ƙare ne?"

"Akwai."

Ya tsaya yana jira in ƙara wani abu. Shi ma ban iya faɗa masa ba, ta ina zan fara maganar yaron da bakina?

"Wannan ma sai na gaya wa malaminmu," ya ce.

"Me za ka ce masa?"

"Ban sani ba tukuna."

Ya fita da sauri kada mota ta cika. Na juye garwashin a kurfoti, ko gawayi babu a ciki. Na zauna ina kallonsa yana zama toka, yaron na tsotsar kafaɗata, ni kuwa ina ta neman ƙaryar da zan kai wa Iya gobe.