Gwangwanin Hagu na Anti Mai Hoda

Shekara ashirin da biyu ta yi tana yi wa 'yan fim kwalliya, har kowa ya manta sunanta, sai dai a ce Anti Mai Hoda. Mace ce mai baki, ga iya aiki: kwalliyarta ba ta narkewa komai zafin fitilu. A akwatinta akwai gwangwani biyu. Na dama hoda ce mai haske, ta jaruma da likita da mutanen kirki. Na hagu baƙa ce, ta ɓarawo da mai gadi da 'yar aiki. Ba wanda ya taɓa rubuta mata wannan doka, ita ma ba ta taɓa tambaya ba. Haka ta tarar ana yi, haka ta ci gaba.

Wata safiya tana neman almakashi a jakar autarta, 'yar shekara sha bakwai, baƙa kyakkyawa irin ubanta, sai ta ci karo da man bilicin, ko buɗe shi ba a yi ba.

"Wa ya koya miki wannan haukan?"

"Ke mana, Mama," in ji yarinyar, ko ɗar. "Na kalli finafinanku kaf. Mai kalata ko dai sata take yi, ko wanke-wanke."

Anti ta ajiye man kan tebur. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don ba ƙarya aka yi mata ba.

A wurin aiki, wanda zai fito a ɓarawo ya zauna ya miƙa fuska kamar kullum. Ta goge masa gumi kawai, ta ce ya tashi. Darakta ya leƙo, ya ɓata rai.

"Anti, wannan ai bai yi kama da ɓarawo ba."

"Yallaɓai, wanda ya sace mini keken ɗinki fari ne sol, har da turare. In sata kake so a gani, sa shi ya yi satar."

"In na nemo wata mai kwalliyar fa?"

"Nemo. Kafin la'asar kwalliyar jarumarka ta tsiyayo har wuya."

Ya san hakan za a yi. Ya ja tsaki, ya koma bayan kyamara.

Da ta dawo gida, ta ciro gwangwanin hagu ta dire shi kan tebur kusa da man, ta kira autar.

"Na bar nawa. Saura ke."

Yarinyar ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta kwashe duka biyun, ta nufi kwandon shara.