Jan Ƙwaron da Ban Gani Ba

A gidanmu na Fammar ba a samun tatsuniya a banza. Iya, mahaifiyar babana, sai an biya ta da abin da ido ya gani. Da an ci tuwo an yi isha'i za ta ja tabarmarta kusa da murhu, ko da kuwa zafi ake, wai ƙafafunta ba su san bazara ba. Mu kewaye ta, ni da Lami 'yar baffana da sauran yaran gida. Sai ta gyara zama ta ce, "To, idon wa ya ci abinci yau?"

Nufinta, wa ya ga sabon abu a garkarta. Sunan garka ne kawai, babu kuɓewa babu yakuwa. Gawo ɗaya ne a bayan gida, da tsohuwar kuka, da suri, da ciyawar da ta hana kowa ya sa wa fartanya. Babana ya sha cewa gidan macizai ne. Amma a nan Iya take sanin inda shekara ta kwana. Zuma ta yi dafifi a furen gawo, sanyi ya kama. Kuka ta fara toho alhali ko ɗigo ba a yi ba, ruwa na hanya. Shamuwa ta sauka da kara a baki, a gyara rufin ɗaki. Magidanta kan turo matansu su tambaya, "Iya, a fito da iri?" Abin da ta faɗa shi ake yi.

Ni ban lura idonta ya yi yana ba. Wallahi ban lura ba. Na ɗauka wasa ne ta ƙirƙiro don ta wahalar da mu.

Tatsuniyar guda ɗaya ce, amma gutsure ta take yi. Wai Damina matafiyiya ce daga kudu, ba ta shiga gari sai ta turo 'yan aike. Ranar da ka ga ɗan aike a garka, ranar za ka ji labarinsa. Shamuwa ce ta fari, uwar zumuɗi, tun Damina na ɗaure kaya ta iso tana cewa ga ta nan a bakin ƙofa. Gawo kuwa gaba yake da Damina, da ya ji ƙamshinta sai ya tuɓe ganyensa ya juya baya. Kwaɗo makwaɗaici ne, ko ruwan wanke-wanke aka watsa masa sai ya hau shela. Na ƙarshensu shi ne ɗan jan ƙwaron nan mai laushi da muke ce wa karammiski. Shi ba ya magana. Yana can ƙarƙashin ƙasa, ba ya fitowa sai laima ta iske shi har ɗakinsa. Yadda aka yi ya sami jar rigarsa, nan ne ƙarshen labarin, kuma shekara biyu ina kuskurensa, sau ɗaya zazzaɓi, sau ɗaya an kai ni Rano wajen gwaggona.

"Iya, ki faɗa mana kawai. Mene ne a ciki?"

"'Yar gaggawa ke nan. Ke ko a cikin uwarki ba ki cika wata tara ba. Je ki gano shi tukuna."

Shekarar da nake aji shida na firamare aka yi ruwan farko mai ƙarfi. Washegari na shiga garka, na duba gindin suri, na ɗaga busasshen ganye biyu, rana ta dame ni, na fito. Da daddare da ta yi tambayarta, bakina ya riga kowa.

"Na ga karammiski."

Lami ta kalle ni, na murtuke fuska.

"Guda nawa?" in ji Iya.

"Uku."

"A ina?"

"Gindin gawo."

Ta ce Alhamdu lillahi, bana ta zo da wuri. Ta ba mu ƙarshen labarin. Wai duk 'yan aiken sun dawo suna rige-rigen karɓar tukuici, shi kuwa ya zo a makare, jikinsa duk laka, ya ce sai da ya tabbatar. Damina ta yanki gefen mayafinta na ranar aure ta lulluɓe shi. Shi ke nan fa. Har cewa na yi a raina, a kan wannan aka ja mini rai?

Da safe na ji ta tana ce wa babana da Baffa su fito da gyaɗa. Irinta ne na tun zuwanta gidan, 'yar ƙarama mai jan ɓawo, kowace shekara ita ke ware shi da hannunta. Maƙwabta suka ga mun fita, su ma suka bi. Ina tsaye da buta a hannu. Kalma huɗu ce za ta tsayar da su, ban faɗa ba, don ina tsoron dariyar Lami fiye da komai.

Sai sama ta ɗauke. Kusan mako uku ba ɗigo. Gyaɗa ta tsiro ta ƙone a layi. Gero an sake shukawa, gyaɗar Iya kuwa ba a bar ko ƙwaya a tulu ba.

Ba wanda ya yi mata faɗa, ai ba a yi. Daina tambayarta kawai aka yi. Damina ta gaba ina ji matar Baffa na cewa a tsakar gida, "Tsufa ne, a bar ta ta huta." Iya na ɗaki, kuma kunnenta ƙalau yake. Ta ci gaba da ba mu tatsuniya, amma ta koma su gizo irin na kowa. Ba ta taɓa tambayata komai ba. Ni kuma na tafi makarantar kwana, kullum ina cewa sai hutu mai zuwa.

Ta rasu ina aji biyar na sakandare. Ranar sadakar uku wata tsohuwa ta ce, "Allah ya jiƙan Iya, ta san shekara kamar tafin hannunta, kafin kan ya rikice." Na miƙe a tsakiyar mata na ce kanta bai taɓa rikicewa ba, ni ce na yi mata ƙarya, ban ga ƙwaron ba. Na zaci za a zage ni, ina ma so a zage ni. Sai gwaggona ta ja zanena ta ce, "Zauna don Allah, lokacin ke yarinya ce. Wa yake ta gyaɗa yanzu?" Aka ci gaba da rabon gumba.

An ce ba ni da haƙuri, gaskiya ne, har yau ba ni da shi. Amma abu ɗaya da ya kamata in yi wa gaggawa, shi na zauna a kai shekara biyar. Mutum ɗaya ce a duniya wannan magana za ta yi wa amfani, ta san cewa lissafinta daidai yake, idon da ta ara ne ya cuce ta. Ni kuwa sai da na bari aka kai ta, sannan na faɗa wa waɗanda ba su damu ba.