Filafilin Egya Bentsil

Da yatsa biyu yake lakato man kwakwa, ya bi filafilin da shi tun daga baki har mariƙi, a hankali, kamar mai shafa wa jariri. Haka Egya Bentsil yake yi kullum in kwalekwale ya dawo, kafin ya wanke gishirin jikinsa, kafin ya taɓa dokunu, tuwon masararmu.

Ba tuƙi yake yi da filafilin ba. Shekara arba'in ke nan aikinsa shi ne ya tsoma bakin icen a ruwa, ya kara mariƙin a bayan kunne, ya rufe ido, kowa a jirgin ya yi tsit. Muryar wani jan kifi yake nema, mai ƙaton kai kamar ƙirar maƙera, da fukafukai masu shuɗin gefe. Kifin ba ya son sama. A ƙasa yake takawa da 'yan yatsu uku-uku, yana lalubar jatan lande cikin yashi, yana gurnani kamar dattijon da aka tasa daga barci. A kasuwar garinmu ba mai rububinsa, ƙashi ya fi tsoka yawa, sai dai miya. Amma a ruwanmu, inda aka ji shi, ƙasan yashi ne da laka, sai a saki raga hankali kwance. Egya yakan ce duk faɗin teku wannan kifin kaɗai ne bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Makon jiya ya ce a saki, aka saki, raga ta hau dutse ta dawo tsumma. Ragar ta Kobina ce mai jirgin, ɗan ƙanwarsa. Har yau mutum tara ke ɗinkinta, ana fita da ta aro.

Yana cikin shafa man, Araba matarsa ta shigo da roba cike da ruwan teku, ta tsaya a bayansa. Ta ɗago jan kifin, da ransa. Ya yi gurnani har kyanwa ta tsere. Egya bai waiwaya ba.

Ta zagayo gabansa, ta ɗaga murya.

"Tsoho, amininka ya gaishe ka sau uku, ka yi banza da shi."

Ya dubi kifin, ya dube ta.

"Ke dai ba ki rasa fitina."

"Fitina? Miƙo icen nan." Ta juya mariƙin. Duk sawun haƙori ne. "Ɓera ne ya yi wannan, ko kai?"

Ya dubi sawun haƙoran.

"Tun bara kunnen ya tafi," ya ce. "Sai na koma cizon icen, ina ji ta haƙori. Ran nan da safe haƙorin ya fita. Na ciza, shiru. Ga yara sun zuba mini ido. Sai na ce yashi ne."

"Au! Shi ne ka ce ƙashin miyata ya cire shi?"

Bai yi dariya ba, ita ma ta bar tata.

"Wannan karon raga ce," ta ce. "In ta sake maƙalewa teku na fushi, jirgi ne zai kife, da 'ya'yan mutane a ciki."

Ya karɓi kifin da hannu biyu, ya kauce wa ƙayoyin, ya manna shi a muƙamuƙi. Gurnanin ya ratsa ƙashinsa, can nesa-nesa, kamar ganga daga wani gari. Ya tsaya har ya ɗauke, sannan ya mai da shi ruwa.

"Ina Kobina?"

"Gindin kwakwa, wajen ɗinki."

"Kunnensa garau ne, haƙuri ne dai babu. Zan gaya masa gaskiya a gaban kowa, in koya masa aikin. In ya iya yin shiru, kafin damina zai fara ji." Ya goge hannu a zane, ya saɓa filafilin. "Wannan kuwa, kada ki sa shi a miya."

"To me za mu ci?"

"Dokunu da barkono. Haƙorin ma ina yake?"

Ya ɗauki robar don ya mai da kifin teku, ya sunkuya saboda ƙofar gajera ce, ya fita.