Faifan da Aka Samu a Aljihun Malam Jinaidu

Ranar Alhamis, 22 ga Afrilu, 1999, bayan la'asar, labari ya iso Kontagora cewa wata motar haya da ta taso daga Minna ta ƙwace wa direba kusa da Tegina, kuma Malam Jinaidu Nababa, mai kula da kwamfuta a bankin al'umma na garinmu, yana cikin waɗanda kwanansu ya ƙare a wurin. Mu duka na Allah ne, kuma wurinSa kowa zai koma. Washegari da hantsi muka kai shi makwancinsa.

Malam Jinaidu, ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, kuma ta hanyar ɗalibaina na san ka. Na zo banki wata rana ina roƙon a bar su su ga kwamfuta da idonsu, domin a littafi kawai suka san ta. Na ɗauka za ka ba mu ɗan lokaci ka sallame mu, sai ka ba mu kowace Asabar. Kana zaunar da 'yan mata a gaba saboda ka lura maza na ture su. Duk wanda ke tsoron taɓa ta, sai ka ce ya danna da ƙarfi, na'ura ba ta cizo. Wata tsohuwa daga Kumbashi ta taɓa tambayarka da Hausarta mai gargada inda aka ɓoye ajiyarta. Ka kai ta har gaban na'urar, ka nuna mata sunanta da koren rubutu. Ba ta iya karatu ba, amma ta shafa gilashin da yatsa, ta ce yanzu hankalinta ya kwanta.

Sai dai abin da aka fi saninka da shi a banki shi ne tsanani a kan faifan kwamfuta. Ka koya mana cewa akwai cutar da masu sana'arku ke kira bairos, wadda wani ke rubutawa da gangan a wata ƙasa mai nisa, ta ɓuya a cikin faifai, ta bi shi daga na'ura zuwa na'ura. Ka ce mafi muninta ita ce wadda ba ta nuna kanta. Tana shiga ta kwanta shiru, tana duban agogon na'ura, tana jiran ranar da aka sa mata. Ka kuma nuna mana wayar tarho da ake tura bayanai ta cikinta zuwa babban banki a Minna. Ka ce wa yaran lokaci na zuwa da mutum zai yi hulɗa da banki daga ɗakinsa ta irin wannan waya, kuma ta inda saƙo ya shigo, ta nan cuta ke shigowa, don haka su saba tun yanzu da tuhumar duk abin da ya zo daga waje.

Kwamfuta biyu gare ka. Babbar tana ofis, a cikinta sunayen masu ajiya suke, manoman Auna da Nasko, matan kasuwa, malaman firamare. Ɗayar tsohuwa ce da ka ajiye a ƙaramin ɗaki na baya, kana ce mata Tsohuwa. Duk faifan da ya shigo banki, wurinta yake fara sauka. Ka cika ta da asusun ƙarya a matsayin tarko, kuma da yake ba ka son wasa da sunan kowa, duka da sunanka ka rubuta su. Sai ka riƙa tura agogonta gaba, kwana bayan kwana, don ka yaudari cutar ta ɗauka ranarta ta zo. Saboda haka Tsohuwa kullum tana cikin kwanakin da mu ba mu kai ba tukuna. Ɗalibaina ba sa son shiga ɗakin su kaɗai.

Ma'aikata suna kiranka Duba-gari, kana amsawa da dariya. Garinmu kwamfuta ba ta da yawa, kuma mu mutane ne masu kara. Wani babban mutum zai aiko da faifai a buga masa katin ɗaurin aure, Manaja ya kasa cewa a'a. Kai ne kake cewa a'a, cikin ladabi, kana durƙushe. Sannan ka zauna bayan an tashi aiki ka sake rubuta katin da hannunka tun daga farko, ka kai masa gida. Da yawa sun yi fushi da kai da safe, suka sa maka albarka da yamma.

Abin da ya faru bayan rasuwarka shi ne dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka je Minna ne don sayo sabon maganin cutar, wanda shi ma a faifai ake sayar da shi. An same shi a aljihun rigarka, ko tsagewa bai yi ba. Bayan sadakar uku, yayanka Alhaji Maigandi ya kawo shi banki da kansa, a naɗe cikin farin ƙyalle, ya riƙo shi da hannu biyu. Ya ce wannan ce amanar da ƙanensa ya mutu a kanta, yana so a sa shi a babbar kwamfuta a gabansa don aikin ya cika. Ni na raka shi, kuma na ga idon Manaja ya cika da hawaye. Manaja ya karɓa ya miƙa wa Rose Sati, abokiyar aikinka da ka horar, ya ce ta sa.

Rose ta karɓa, ta tsaya. Cikin ƙaramar murya ta ce ƙa'ida ita ce a fara kai shi wurin Tsohuwa. Fuskar Alhaji ta canza. A ganinsa, gwada faifan daidai yake da cewa mamaci ya ɗauko cuta ya kawo wa mutane, kuma ba a tuhumar wanda ƙasa ta rufe. Ya tambaya ko akwai wanda ya fi Jinaidu tsafta a wannan aiki. Gaskiya ya faɗa. Amma ga damina ta kusa, manoma za su zo ɗibar kuɗin taki da iri, kuma in babbar na'ura ta lalace, sai a yi watanni ana tono takardu kafin a tantance na kowa, lokacin shuka ya wuce.

Manaja ya roƙi a tura gida a ji ta bakin mai ɗakinka Turai, wadda ke cikin takaba. Ni aka aika. Ta yi magana daga bayan labule, ba ta ja ta da tsawo ba.

"Malam, ka gaishe da Yaya. Ka ce masa da Allah Ya dawo mana da Baban Rabi'a lafiya, ɗakin baya zai fara kai shi. A yi wa nasa yadda yake yi wa na kowa."

Da na dawo da saƙonta, Alhaji ya sunkuyar da kai, ya ce a buɗe ɗakin.

Tun tafiyarka ba wanda ya shiga. Kofin shayinka na kan tebur, ya bushe. Da aka kunna Tsohuwa, kwanan watan da ta nuna yana cikin Mayu, inda ka tura shi ka bari, watan da ba ka gani ba. Rose ta sa faifan. Na'urar ta yi ta gurnani tana karantawa, sannan ta yi shiru. Sunanka ya cika fuskarta daga sama har ƙasa, Jinaidu Nababa, Jinaidu Nababa, layi bayan layi. Rose ta fara tura agogo. Mayu ya yi ta wucewa a gabanmu ba abin da ya motsa, har Manaja ya fara ajiyar zuciya.

Da ta kai ɗaya ga Yuni, wani harafi ya saki daga layin sama ya faɗo ƙasa. Wani ya biyo shi. Muna tsaye muna kallo, sunanka yana zubewa harafi harafi, yana taruwa a gindin gilashin kamar ƙasar da gara ta tara, na'urar tana ɗan ƙara duk lokacin da ɗaya ya faɗi. Ba wanda ya taɓa komai. Can fuskar ta yi baƙi, kuma Tsohuwa ba ta sake tashi ba.

Leɓunan Alhaji na motsi, yana lissafi da yatsu. Daga nan ya ce, "Ranar arba'in ɗinsa ke nan." Ban ba wa wannan wata fassara ba, kuma na hana ɗalibaina su ba shi. Wanda ya rubuta cutar farkon wata ya zaɓa, bai san da kai ba, kuma Allah kaɗai Ya san gaibu. Amma na yarda tsigar jikina ta tashi.

Ba laifinka ba ne. An sayar maka da maganin da cuta a cikinsa, kuma ajali bai bar ka ka gwada shi ba. Alhaji ya cire faifan da hannunsa, ya juya wurin Rose ya ce, "'Yata, ki yafe mini. Ƙona shi." Babbar kwamfuta tana nan lafiya, kuma manoma za su zo su sami sunayensu inda suka bar su.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Jinaidu, Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka yalwata masa shi. Ya tsare amanar mutanen da yawancinsu ba su san fuskarsa ba, Ka tsare shi daga firgicin ranar tsayuwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Turai, da 'ya'yansa Rabi'a da Khalilu, da Alhaji Maigandi da dukan iyalan Nababa, da ma'aikatan banki. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Mu da muka saura, Allah Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Lukuman Mailafiya, Kontagora